Tsokaci a Kan Amfani da Dabarun Laluben Mafifici Wajen Ƙera Saƙaƙƙun Abubuwa Masu Shanye Haske

1.0 Gabatarwa

Ana yi wa Jihar Neja kirari da jihar wutar lantarki, kuma kirarin yana da tushe. A cikinta ne madatsar Kainji take, wadda ta fara aiki a 1968, da ta Shiroro da ta biyo baya a 1990, da ta Zungeru da aka kammala a 2023, ga kuma ta Jebba a kan iyakarta da Jihar Kwara. Duk da haka, wanda ya zaga unguwannin Minna daga Bosso zuwa Chanchaga zai tarar da gawayi da itace ne ke riƙe da murhun gidaje da dama, a ƙauyukan kewaye kuwa a gefen titi da kan duwatsu ake shanya barkono da alabo. Alhali kuwa, a matsakaicin lissafin shekara, rana tana sauke wa kowane murabba'in mita na ƙasar Minna makamashin da ya haura kilowat-awa 5 a yini guda.

Duk na'urar da za ta mayar da wannan haske ya zama zafi mai amfani, ko ta girki ce ko ta busar da amfanin gona ko ta tace ruwa, daga wuri ɗaya take farawa, wato shafin da haske ke sauka a kai. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda masana kimiyya ke ƙera irin wannan shafi a yau, da dalilin da ya sa suka miƙa wa kwamfuta aikin zaɓen siffarsa, da kuma abin da hakan ke nufi ga wuri irin Minna. Kalmomin fannu da aka yi amfani da su, wasu an aro su ne daga bakin ma'aikatan rediyo, wasu kuma ƙirƙirarsu aka yi, kuma za a bayyana kowace a inda ta fara fitowa.

2.0 Haske da Zangunansa

Bahaushe mai sauraron rediyo ya daɗe da sanin gajeren zango da matsakaicin zango, ya kuma san mita 19 da mita 25 da mita 31. Waɗannan mitoci ba komai ba ne illa tazarar da ke tsakanin tozon igiyar rediyo ɗaya da na mai bi mata, kamar yadda ake ganin tozaye a kan ruwa idan an jefa tsakuwa. Wannan tazara ce za a riƙa kira tsawon zango. Tun a 1865 James Clerk Maxwell ya nuna cewa haske ma igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, dangin ta rediyo, sai dai zangonsa gajere ne ainun. Ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400, inda launin shuni yake, zuwa 700, inda ja yake. Don a gane ƙanƙantar abin, kaurin silin gashin kai kan kama daga nanomita 50,000 zuwa 100,000. Kusan dukkan makamashin rana yana tsakanin nanomita 300 da 2,500, kuma kimanin rabinsa yana bayan ja ne, inda ido ba ya gani amma fata tana ji. Shi za a kira hasken bayan-ja.

Idan haske ya faɗa kan abu, ɗayan uku ne ke faruwa: ko ya komo, ko ya ratsa ya wuce, ko abin ya shanye shi. Ana iya rubuta haka kamar yadda yake a (1):

(1) Sha = 1 − (Komowa + Ratsawa)

Ke nan duk mai son abu ya shanye haske gaba ɗaya, sai ya toshe ƙofofi biyu a lokaci guda. Toshe ratsawa ba wuya, domin fallen ƙarfe mai kaurin nanomita 200 ya isa. Komowa ce mai wuyar sha'ani.

2.1 Gazawar Baƙin Fenti

Mai karatu na iya tambaya, to baƙin fenti fa? Ai da shi ake shafe tukunyar girkin rana, kuma yana shanye sama da kashi 90 cikin ɗari na hasken. Gaskiya ne, kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta ƙera murhunan rana da na'urorin ɗumama ruwa da na busar da kaya masu aiki bisa wannan hanya. Sai dai akwai wata ƙa'ida da Gustav Kirchhoff ya tabbatar wajen 1860, cewa gwargwadon yadda abu ke shan wani zango, gwargwadon yadda yake fitar da shi idan ya yi zafi. Baƙin fenti yana shan kowane zango, don haka yana zubar da zafi ta kowane zango.

Lissafin yana da sauƙi. Da tsakar rana, idan sama ta washe, murabba'in mita yana samun kimanin wat 1,000. Baƙin shafi da ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, a cikin yanayi mai digiri 30, yana asarar kusan wat 600 ta hanyar hasken bayan-ja kaɗai, ba a ma zo kan abin da iska ke kwashewa ba. Idan ya kusanci digiri 130, abin da yake fitarwa ya yi daidai da abin da yake samu, daga nan ba ya ƙara gaba. Murfin gilashi yana rage asarar amma ba ya kawar da ita. Tamkar mai ɗiban ruwa da ƙwarya mai huji ne: yadda ƙwaryar ke cika, haka yoyon ke ƙaruwa.

Sa'ar da aka yi ita ce zangon shiga da na fita ba ɗaya ba ne. Hasken rana ya fi ƙarfi a wajen nanomita 500, shi kuwa zafin da abu mai digiri 100 ke fitarwa ya fi ƙarfi a wajen nanomita 7,800. Don haka shafin da ake nema shi ne wanda zai zama baƙi ƙirin ga zangunan da ba su kai 2,500 ba, ya kuma zama madubi ga waɗanda suka wuce haka. Idan aka samu wanda ke fitar da kashi 10 cikin ɗari kawai na abin da baƙin fenti ke fitarwa, asarar wat 600 ɗin nan sai ta koma kimanin 60. Harry Tabor ne ya fara ƙera irin waɗannan shafuka masu zaɓen zango a Isra'ila a tsakiyar shekarun 1950, ta hanyar haɗa sinadarai. Abin da ya zo daga baya shi ne tunanin samun wannan hali daga siffa maimakon sinadari.

3.0 Saƙaƙƙen Abu

Turawa suna kiran abin metamateriyal, kalmar da ake danganta ƙirƙirarta ga Rodger Walser na Jami'ar Texas a 1999. Ɗafa-goshin da ke farkonta daga Girkanci yake, yana nufin abin da ya zarce. A nan an zaɓi a kira shi saƙaƙƙen abu, saboda misalin saƙa ya fi kama ma'anar. Zaren auduga ɗaya ne masaƙi zai mayar gwado mai riƙe ɗumi, wani kuma ya mayar raga mai barin iska ta wuce. Bambancin a tsarin saƙar yake. An yi tunanin ƙagaggen abu, amma kalmar ta riga ta zauna wa ƙagaggun labarai, kuma za ta iya sa a ɗauka abin tatsuniya ne.

Saƙaƙƙen abu jerin ƙananan siffofi ne na ƙarfe da na abin da lantarki ba ya bi, kamar gilashi ko roba, ana maimaita su gida-gida. Sharaɗin shi ne kowane gida ya gaza tsawon zangon da ake nufi. Idan haka ta samu, igiyar ba ta ganin siffofin ɗaya-ɗaya, sai ta ɗauke su abu guda mai wani sabon hali. Victor Veselago na Rasha ya yi hasashen irin waɗannan halaye a takarda tun 1967. John Pendry na Kwalejin Imperial da ke Landan ya nuna a 1996 da 1999 yadda jerin wayoyi da tsagaggun zobba za su iya samar da su, sannan David Smith da abokan aikinsa a San Diego suka ƙera na farko a 2000.

3.1 Daga Zango Ɗaya Zuwa Faffaɗan Zango

A 2008 ne Landy da Sajuyigbe da Mock da Smith da Padilla, daga Kwalejin Boston da Jami'ar Duke a Amurka, suka wallafa sakamakon saƙaƙƙen abu na farko da aka ƙera musamman don shanye igiya. (Mai nazarin sunaye zai lura da sunan Yarbanci a jerin.) Ba da haske suka gwada ba, da igiyar rada ce mai kaɗawa sau biliyan 11.5 a daƙiƙa, kuma awon ya nuna abin ya shanye kimanin kashi 88 cikin ɗari. Dabarar ita ce daidaita turjiya. Idan aka ƙulla siririyar igiya da kakkaura aka kaɗa, wani ɓangare na kaɗawar kan komo daga wurin ƙullin, saboda igiyoyin biyu ba su da nauyi ɗaya. Haka haske yake komowa daga bakin duk abin da turjiyarsa ta bambanta da ta sarari, wadda ta kai om 377. Idan aka saƙa shafin yadda turjiyarsa za ta zo daidai da wannan adadi, hasken zai shiga ba tare da ya ji an canja masa hanya ba, a ciki kuma ƙarfen ya mayar da shi zafi. Tsarin da aka fi bi tun daga lokacin hawa uku ne: zanen ƙarfe a sama, abin da lantarki ba ya bi a tsakiya, fallen ƙarfe a ƙasa.

Ya kamata a lura da kalmar zafi a nan. Hasken da ƙarfe ya shanye zafi yake zama, ba lantarki ba. Don haka kuskure ne a ɗauka cewa shafin da ke shan kashi 99 cikin ɗari zai ba da farantin sola mai ingancin kashi 99. Farantin sola yana buƙatar hasken ya shanye a cikin silikon ne, kuma tun 1961 Shockley da Queisser suka nuna iyakarsa, wadda ake lissafa ta a kusan kashi 33 cikin ɗari ga farantin da ke da mahaɗa ɗaya.

Matsalar ƙirar 2008 ita ce zango ɗaya take sha. Kowace siffa tana da zangon da take amsawa, kamar yadda tsirkiyar gurmi ke da muryarta; aka gusa kaɗan, sai ta yi shiru. Hasken rana kuwa ya bazu ne a kan zanguna da na ƙarshensu ya ninka na farko fiye da sau takwas. Hanyar da hankali ya fara bayarwa ita ce a tara siffofi masu girma daban-daban a gida ɗaya, ko a ɗora su hawa-hawa, kowace ta ɗauki nata rabon. A 2011 Aydin da abokan aikinsa a Caltech sun ƙera shafi mai kaurin nanomita 260, da zanen azurfa mai faɗi a wani gefe da tsukewa a wani, ya shanye matsakaicin kashi 71 cikin ɗari na hasken da ido ke gani. To amma siffofin da ke maƙwabtaka suna shafar juna. Aka taɓa girman ɗaya, sai muryar ta kusa da ita ta canja. Bugu da ƙari, Konstantin Rozanov ya tabbatar a 2000 cewa akwai mafi ƙarancin kaurin da shafi mai bayan ƙarfe zai yi kafin ya shanye wani faɗin zango. Babu dabarar da za ta tsallake wannan iyaka. Iyakar abin da ake nema shi ne a kusance ta.

4.0 Matsalar Yawan Zaɓi

A ɗauki filin dara mai gurbi 30, a ce kowane gurbi ko dai a sa masa tsinke ko a bar shi wofi. Hanyoyin tsara shi sun haura biliyan ɗaya. Idan aka raba gidan saƙaƙƙen abu zuwa murabba'ai goma a tsaye goma a kwance, kowanne ko ƙarfe ko wofi, adadin zanen da zai yiwu shi ne 2 a ninka da kansa sau 100, wato lamba mai alƙaluma 31. Kwamfutar da za ta iya gwada zane biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta shafe kimanin shekara tiriliyan 40 kafin ta gama. Gaskiyar magana kuwa, gwajin zane ɗaya yana nufin warware lissafin Maxwell a kansa, galibi ta hanyar da Kane Yee ya fito da ita a 1966, kuma hakan kan ci mintoci, wani lokaci sa'o'i. Ba a ma sa kaurin kowane hawa da irin ƙarfen a lissafin ba.

Akwai dabarar rage yawan. Idan aka tilasta wa zanen ya zama gefensa huɗu sun yi kama da juna, kamar yadda ake gani a wasu zanen hula, murabba'ai 15 ne kaɗai ke da 'yancin kansu, zaɓin ya sauko zuwa 32,768. Wannan yana da ƙarin amfani, domin irin wannan zane ba ya damuwa da ɓangaren da igiyar haske ke kaɗawa idan ta sauko a miƙe. Sai dai da zarar an ƙara yawan murabba'an ko hawa, lambar ta sake tserewa.

A nan ne dabarun laluben mafifici ke shigowa. Dabara a nan tana nufin abin da ake kira algoridim, wato jerin matakan lissafi da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga amsa. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na tara, wanda daga taken littafinsa kuma aka sami kalmar aljabara. Laluben mafifici kuwa shi ne neman zaɓi mai kyau a cikin tarin da ba za a iya bincike shi duka ba.

4.1 Ma'aunin Nagarta

Kafin a fara lalube, dole a gaya wa kwamfuta abin da ake nufi da kyau, kuma da lamba za a gaya mata. Wannan lamba ce ma'aunin nagarta. Mafi sauƙinsa shi ne matsakaicin abin da zanen ya sha a kan zangunan da ake so. Mai ƙira na iya ƙara maki saboda jure karkatar haske, ya rage saboda zafin da ake fitarwa, ya kuma ci tarar duk zanen da ke da siraran layukan da na'ura ba za ta iya yankawa ba. Wannan mataki ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda ake yawan gaggautawa. Kwamfuta abin da aka tambaye ta take amsawa. Idan an manta da wani sharaɗi, za ta kawo zane mai cikar maki wanda ba zai yi aiki a fili ba.

Ana kwatanta aikin da mai neman tudu mafi tsawo a ranar da hazo ya rufe gari. Ƙasan ƙafarsa kawai yake gani. Idan ya ce duk inda ya ji hawa nan zai bi, zai kai ƙololuwar wani tudu, amma ba shi da tabbacin cewa babu wanda ya fi shi a gaba. Mai tsaye a kan ƙaramin tsauni a Suleja cikin hazo yana iya rantsuwa ya kai ƙarshe, ga Dutsen Zuma a kusa da shi. Dukkan dabarun da ke tafe hanyoyi ne na kauce wa wannan ruɗi.

4.2 Dabarar Zaɓen Iri

John Holland na Jami'ar Michigan ne ya shimfiɗa wannan dabara a littafinsa na 1975, kuma manomin dawa ba zai ga baƙon abu a cikinta ba. Ana rubuta kowane zane a matsayin jerin sifiri da ɗaya, ɗaya yana nufin ƙarfe, sifiri yana nufin wofi. Ana fara da zanuka, a ce hamsin, da aka zaɓa da ka. Ana auna nagartar kowanne, a ware waɗanda suka fi, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar da ta fi cika don iri. Daga nan sai barbara: a yanki wani ɓangare na jerin wannan a haɗa da na wancan, a sami 'ya'ya masu gadon iyaye biyu. Sannan lokaci-lokaci a juya wata lamba ɗaya ba tare da dalili ba. Wannan sauyin ba-zata shi ne ke hana zuriyar duka ta taru a kan ƙaramin tudu guda. Ana maimaita haka zuriya bayan zuriya har nagarta ta daina ƙaruwa. Idan zuriya 200 aka yi, gwaji 10,000 ke nan, adadin da kwamfuta za ta iya ɗauka.

Misali mafi fito da ƙarfin wannan hanya shi ne aikin Bossard da Werner da abokan aikinsu a Jami'ar Jihar Pennsylvania, wanda aka wallafa a 2014. Sun bar dabarar ta zaɓi zanen ƙarfen faladiyom da kaurin hawa, tare da sharuɗɗan abin da za a iya ƙerawa. Shafin da ya fito ya shanye matsakaicin abin da ya haura kashi 98 cikin ɗari daga nanomita 1,770 zuwa 4,810, kuma ya riƙe wannan hali har zuwa karkatar digiri 45. Abin lura shi ne hawa ɗaya tak ne ke ɗauke da zane. Irin siffofin da wannan dabara ke fitarwa ba su cika kama da abin da injiniya zai zana da hannu ba. Haka aka gani a eriyar da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a kan taurarin ɗan'adam na ST5 a 2006, wadda ta fito kamar lanƙwasasshiyar waya amma ta cika sharuɗɗan aikinta.

4.3 Sauran Dabaru

Duk mai aikin gilashi, irin Masagan Bida, ya san cewa gilashin da ya huce da gaggawa tsagewa yake yi. A kan wannan hikima Kirkpatrick da Gelatt da Vecchi na kamfanin IBM suka gina dabarar hucewa a hankali a 1983: da farko ana yarda mai lalube ya riƙa gangarawa ko da nagarta ta ragu, don ya tsallake kwari, sannan a riƙa tsuke masa wannan dama kaɗan-kaɗan. Kennedy da Eberhart kuwa a 1995 garken tsuntsaye suka kwaikwaya. Wanda ya ga yadda jan-baki ke sauka a gonar shinkafa ya ga tsarin: kowane tsuntsu yana tuna inda ya fi samu, yana kuma karkata zuwa inda garken ya fi samu. Wannan ta fi dacewa da abubuwan da ake aunawa, kamar kauri da faɗi.

Akwai kuma hanyar bin gangare, wadda ta yi fice a 'yan shekarun nan. Da warware lissafi sau biyu kawai, ana iya sanin yadda sauya kowane ɗigo na zanen zai shafi nagarta, ko da ɗigon sun kai dubbai. Tana da sauri matuƙa, amma ita ce ta fi saurin maƙalewa a tudun farko, shi ya sa ake fara ta daga wurare da yawa. Wasu kuma suna horar da kwamfuta da dubban zanukan da aka riga aka gwada, don ta riƙa kintacen sakamakon sabon zane nan take. A 1997 Wolpert da Macready sun tabbatar da lissafi cewa idan aka haɗa dukkan matsalolin da za su yiwu, babu dabarar da ta fi wata. Don haka yawan maƙalun da ke fitowa da sabuwar dabara mai sunan wata dabba, kowace tana iƙirarin ta fi na baya, abin dubawa ne da taka-tsantsan.

5.0 Abin da Yanayin Minna Ke Buƙata

Minna tana kusa da digiri 9.6 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana kan tsaya cak a tsakar ka. A Yuni takan karkata arewa da kimanin digiri 14, a Disamba kuma kudu da kimanin 33. Karkatar yini ta fi wannan, domin da ƙarfe takwas na safe ko huɗu na yamma hasken yana zuwa ne a kwance da kusan digiri 60. A lokacin hunturu ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana warwatsa hasken ya riƙa zuwa ta ko'ina, haka ma gizagizan damina. Ke nan shafin da aka auna nagartarsa da hasken da ke sauka a miƙe kaɗai bai amsa tambayar Minna ba. Ƙwayar ƙurar kanta ta fi gidan saƙar girma, don haka dole shafin ya zauna a ƙarƙashin gilashi, kuma dole gilashin ya shiga lissafi tun farko.

Sai batun ƙarfe. Zinariya da azurfa sun fi yawa a gwaje-gwajen farko, amma ban da tsada, ƙananan siffofinsu kan lalace tun kafin zafi ya kai inda suke narkewa. A 2014 masana a Jami'ar Purdue sun nuna shafin haɗin titaniyom da naitirojin mai kaurin nanomita 240, wanda ya shanye matsakaicin kashi 95 cikin ɗari tsakanin nanomita 400 da 800, ya kuma jure digiri 800. Wannan ya fi kusa da abin da aiki ke bukata.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, take kuma da harabobi a Bosso da Gidan Kwano, tana da rukunin masu binciken fasahar nano waɗanda suka ƙera ƙananan bututun kabon, galibi don tace gurɓataccen ruwa. Da irin waɗannan bututu aka yi Vantablack a Ingila a 2014, wanda ke shanye kimanin kashi 99.96 cikin ɗari na haske. Sai dai baƙinsa ya game har da zangunan bayan-ja, wato gazawar baƙin fenti tana tare da shi. Ya dace da aikin da ba ya buƙatar zafi mai yawa, kamar turara ruwa don tacewa, amma bai dace da inda ake neman digiri 200 ba.

Wahalar gaske tana wajen ƙira. Zanen nanomita ana yanka shi ne da na'ura mai rubutu da ɗigon lantarki, mai tsada, mai jinkiri, wadda samfurinta ba ya cika wuce girman farce, alhali na'urar busar da barkono murabba'an mitoci take buƙata. Hanyoyi biyu ne suka fi kusa da hannu. Ta farko ita ce barin zane gaba ɗaya a koma ga shimfiɗaɗɗun hawa, inda dabarar za ta zaɓi kauri da jerin su kawai. Lissafin irin wannan ba ya kai daƙiƙa ɗaya a ƙaramar kwamfuta, kuma ana iya fesa hawan a kan fili mai faɗi. Da wannan hanya Raman da Fan da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford suka ƙera kishiyar mai shan haske a 2014: hawa bakwai a kan azurfa, masu mayar da kashi 97 cikin ɗari na hasken rana, suna kuma fitar da zafi ta zangon nanomita 8,000 zuwa 13,000 wanda ke ratsa iska ya fice sararin sama. A tsakar rana shafin ya kasance ƙasa da zafin iskar da ke kewaye da shi da kusan digiri 5. A garin da zafin watan Maris kan kusanci digiri 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake laimar damina tana rage masa ƙarfi.

Ta biyu ita ce igiyar rada da ta wayar salula. Igiya mai kaɗawa sau biliyan 10 a daƙiƙa tsawon zangonta santimita 3 ne, don haka gidan saƙarta 'yan milimitoci ne, kuma ana iya fitar da zanen a kan allon tagulla irin na cikin rediyo, kamar yadda aka yi a gwajin 2008. Lissafin Maxwell ɗaya ne a can da nan, dabarun lalube ma ɗaya ne, kuma akwai manhajar kyauta irin Meep ta jami'ar MIT da ke warware shi. Ɗalibin da ya rubuta ma'aunin nagartarsa, ya bar dabarar zaɓen iri ta yi aiki kwana biyu, ya fitar da zanen a allo, ya auna abin da ya komo, zai iya kwatanta awon da hasashen kwamfuta ya ga inda suka rabu, ya koma ya gyara ma'aunin.